Maki Mai Doguwar Jela

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Saura kwana ashirin da huɗu in kare kundina. Na rubuta lambar a bangon littafin nan don in riƙa tsorata kaina.

Shekara biyu ke nan ina bin masu ƙananan shaguna da tambaya guda: darasin harshen baƙi da suke zuwa da yamma, ya ƙara musu ciniki ko bai ƙara ba? Takardar tambayoyi ɗari biyu aka cika. Amsa ta fito yadda kowa yake so, wato ya ƙara. Farfesa, mai duba aikina, har ya aika da sakamakon wani babban taro, da sunansa a gaba nawa a baya. Sashenmu na jami'a kuma ya yi mini alkawarin gurbin koyarwa in na kammala a wannan zangon. In na wuce zangon, gurbin ya tafi.

Yau sakatariya ta ce akwai sabuwar doka: a haɗa kundi da ainihin takardun da mutane suka cika, a jere bisa lamba, cikin kwali. Na jawo kwalayen daga ƙarƙashin gado. Aikin yini guda ne, in ƙura ba ta kashe ni ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai lamba ɗari da talatin da ɗaya na tsaya.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta shi a tsanake, ko zan gano inda na yi kuskuren gani.

Takardu ɗari da talatin na farko ni na raba su da ƙafata. Na san su. Masu shago ba sa cika takarda da ladabi. Wani ya zagaye amsa, wani ya ja mata layi, wani ya soke ta har biro ya huda takardar. Akwai mai tabon man inji, akwai wadda aka yi lissafin kaya a bayanta.

Saba'in na ƙarshe daga kasuwar bene suke, mai hawa ukun nan da ke bayan tasha. Lokacin ina kwance a asibiti an yi mini aiki a ciki, wa'adi kuma yana ƙarewa. Aka karɓar mini aikin. Aka kawo takardun a cike cikin ambulan har gadon asibiti. Ƙawata, wadda muke kira Jadawali saboda ba ta iya gaisuwa sai ta jera ta ɗaya-biyu-uku, ita ta shigar da amsoshin a kwamfuta. Ni alƙaluma kawai na gani. Takardun ban taɓa buɗe su ba sai jiya.

Hamsin da takwas daga cikinsu fes suke, ko lanƙwasa babu. Kuma dukansu da alama iri guda aka cika su: makin malamai, mai gajeriyar ƙafa da doguwar jela da take ɗagawa sama ta ɗan karkata dama. Duka hamsin da takwas sun ce darasin ya amfane su ƙwarai.

Na san makin nan. Tun kafin in iya rubuta sunana na san shi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na cire su na sake lissafi. Da ɗari da arba'in da biyun da suka rage, babu wani bambanci tsakanin masu zuwa darasi da marasa zuwa. Babu. Na juya alƙaluman ta kowace fuska har kwamfutar ta yi zafi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Jadawali ta zo ta ga takardun a baje a kan gado. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata, ta ajiye a hankali. Ta ce na ɗaya, ita ba ta lura ba, gaggawa take yi lokacin. Na biyu, babu mai buɗe kwalin nan, ajiye su ake yi a sito har gara ta ci. Na uku, in yi wa kaina faɗa.

Na ce na ji na ɗaya, na yarda da na biyu, na uku kuma ta riƙe abinta.

Ta tambaye ni wa ya raba takardun. Ita ce fa ta karɓi ambulan ɗin daga hannunsa. Na dube ta, ta dube ni, sai ta ce bari ta je ta ɗora ruwan shayi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kai wa Farfesa. Ofishinsa kamar kullum, littattafai har kan kujerar baƙi, sai a tsaye ake yi masa magana. Na ajiye hamsin da takwas ɗin a gabansa. Ya duba uku, ya ture su da bayan hannu, ya ce wannan ai ba komai ba ne, mai raba takarda yakan karanta wa mutane tambaya ya sa musu alama da kansa. Na ce na yi tunanin haka, shi ya sa jiya na je kasuwar. Na hau bene na biyu da na uku, shago bayan shago. Babu wanda ya taɓa ganin takardar. A ƙasa kawai aka tuna da ita.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sannan ya fara, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Taron da ya aika wa sakamako. Sunan sashe. Masu shirya darasin da suka buɗe mana ƙofofinsu. Gurbina. Ya ce kowane bincike yana da ɗan datti a gindinsa, wanda ya ce nasa babu bai leƙa ba ne.

Mutumin nan shi ya koya mana ɗa'ar bincike a zangon farko. Na ci saba'in da shida a kwas ɗin. Na so in tambaye shi ko maki ashirin da huɗun da na rasa a nan suke, amma na kama bakina.

Ya ce, “Ki mayar da su cikin kwali ki je ki huta. Ni ban ga komai ba.”

Na ce, “Ni na gani, Farfesa.”

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gida kamar kowace Asabar. Baba yana kan kujerarsa a baranda, ƙafa a kan ƙaramin benci, gwiwoyin nan sun kumbura fiye da makon jiya. Jarida a hannu, jan biro a kunne. Shekara talatin da huɗu yana koyarwa, shekara tara da ritaya, har yau jarida ba ta tsira daga hannunsa sai ya gyara mata waƙafi.

Ya ce, “Auta, saura kwana nawa?” Na ce sha tara. Ya ce ya kai babbar rigarsa wajen mai guga tun yanzu, kada ranar ta zo a yi ta kame-kame. Ya ba maƙwabci labarin bincikena ina zaune, ya ce 'yarsa ta tabbatar da alƙaluma cewa ilimi ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Na shafa masa magani a gwiwa. Na tuna matakalar kasuwar bene. Na ƙirga ta ranar Alhamis, taki arba'in da shida ne zuwa sama, ba abin riƙewa a gefe guda. Ni da lafiyata sai da na huta a tsakiya.



Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na sake rubuta babi na huɗu da na biyar. Jimla guda ta cinye mini awa biyu: “An cire takardu hamsin da takwas daga wannan nazari saboda an gano ba masu shagunan ne suka cika su ba.” Shafi na casa'in da biyu. Na karanta ta har ta daina ba ni tsoro.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Farfesa ya ƙi sa hannu a sabon kundin. Ya ce in dai da jimlar nan a ciki, dole magana ta je gaban kwamitin ɗa'ar bincike, kuma daga nan ba ruwansa. Na ce to. Ya ce kin san abin da kike yi kuwa? Na ce a'a, amma na san abin da ba zan yi ba.

Na miƙa wa sakatariya da kaina. Ta karanta wasiƙar, ta ɗago ta dube ni kamar wadda ta kawo kanta gidan yari da jakar kayanta.

Laraba, 12 ga wata, tsakar rana

An daina gaishe ni a ɗakin karatu. Madalla, na sami shiru.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na karanta dokar sau uku. A sarari take. In ɗalibi ya bayyana wanda ya ƙirƙiri bayanan, ya kuma nuna ba da saninsa ba ne, sai a ba shi damar gyara ya kare kundinsa a kan lokaci. Sunan wancan kuma ya shiga rahoto, rahoton a manna shi a allon sanarwa. In bai bayyana ba, laifin nasa ne.

Allon sanarwar yana bakin ƙofar sashe. Kusan rabin malaman da suke wucewa ta gabansa kullum, hannu guda ne ya koya musu haɗa baƙi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jadawali ta kai wa Yaya labari. Ban yafe mata ba tukuna, sai gobe.

Ya tare ni a bakin ƙofar gida kafin in shiga, ya ja ni muka zauna cikin motarsa, ya rufe gilashi. Yaya mutum ne mai son a gama magana kafin a fara ta. Ya ce abin mai sauƙi ne: in ce wani na ɗauka aiki a tasha, ban san cikakken sunansa ba, ya yi ha'inci ya ɓace. Shi zai tsaya shaida. Kowa ya tsira.

Na ce wato in wanke ƙarya da ƙarya. Ya ce in bar masa falsafa, wannan maganar rufin asiri ce. Na ce asirin a rufe yake, ai ban buɗe ba. Ya ce to me kike so, ke ba ki faɗa ba, ke ba ki ɓoye ba? Na ce haka nan nake so.

Ya buga sitiyari. Ya ce tun ina ƙarama haka nake, in aka ce in zauna sai in tsaya, in aka ce in tsaya sai in hau tebur. Ya ce Mama da tana raye da ta yi mini magana na ji. Wannan ta shige ni, kuma ya san za ta shige ni, shi ya sa ya faɗa.

Da muka shiga Baba ya ce me muke ƙullawa a mota. Yaya ya ce maganar taya ce. Baba ya dube ni ta saman tabarau, irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafinsa a gida. Bai tambaye ni saura kwana nawa ba.

Lahadi, 16 ga wata, da safe

Haushinsa nake ji. Bari in rubuta ko sau ɗaya. Haushin Baba nake ji. Da ya ce mini ba zai iya hawa ba, da na nemi wani. Ba zai iya cewa “na kasa” ba, ba kuma zai iya sa alama a kan “bai amfane ni ba” ko sau ɗaya cikin hamsin da takwas. Ko ƙaryar ma bai iya ta ba. Mai wayo ai sai ya sa wasu su ce a'a.

Kuma ina son sa. Duka biyun, a wuri guda.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Farfesa ya janye takardarsa daga taron. Mun haɗu a matakala, ya yi kamar yana neman abu a aljihu har na wuce. Na gaishe shi da ƙarfi yadda duk benen zai ji.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na shiga gaban kwamiti. Su uku a bayan dogon tebur, ni a kujerar roba, fanka tana ta kaɗa takardu sai da aka danne su da kofi. Shugaban dattijo ne daga sashen tattalin arziki, mai magana ƙasa-ƙasa. Da wata Dakta mai rubuta duk abin da aka faɗa har tari. Na ukun agogo kawai yake dubawa.

Na ba su labari daga farko: asibiti, ambulan, kwali, kasuwar bene. Dakta ta ce ta yaba da na kawo kaina, amma doka doka ce, wa ya raba takardun? Na ce ba zan faɗa ba. Ta ce kin manta ne? Na ce ban manta ba. Ta ce ana yi miki barazana ne? Na ce babu mai yi mini. Ta ce to kin gane cewa laifin zai dawo kanki? Na ce aikina ne, ni ya kamata in buɗe ambulan ɗin tun bara, ban buɗe ba. Wannan kam nawa ne, a rubuta.

Sau huɗu ta juya tambayar. Sau huɗu ta sami amsa guda.

Sai Shugaba ya miƙa hannu. Ya jawo takarda ɗaya daga cikin hamsin da takwas ɗin ya kafa mata ido. Na ga ya sa yatsa yana bin jelar makin, daga ƙasa zuwa sama. Ya jawo wata ya sake bi. Ya duba sunan mahaifina a bangon kundin. Na riƙe gefen kujera.

Ya ajiye takardar a kife. Ya ce an gama, za a sanar da ni. Ina kai wa ƙofa ya kira ni.

Ya ce, “Yaya jikin Malam?”

Na ce, “Da sauƙi, ranka ya daɗe. Sai gwiwa.”

Ya ce, “Gwiwa kam ba ta da kirki. Ki gaishe shi.”

Ban ba da suna ba.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Ban ba da suna ba. Ina ta maimaita wa kaina kamar karatun allo.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Wasiƙa ta fito. Ba a kore ni ba. An ɗage kare kundina shekara guda, in sake tattara bayanan kasuwar bene da kaina, da takardar gargaɗi a fayil ɗina. Gurbin koyarwa an ba wani tun ranar Juma'a, sakatariya ta faɗa mini tana kallon ƙasa.

An manna a allo. Sunana ne a kai, shi kaɗai. Na tsaya na karanta shi daga sama har ƙasa a gaban kowa, ban yi sauri ba. Akwai kuskuren rubutu a layi na uku.

Na shiga banɗaki na yi kuka na minti goma, na wanke fuska, na je na sayi sabuwar ambulan.

Alhamis, 27 ga wata

Da yau ce ranar kare kundina.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Babbar rigar tana rataye a jikin ƙofa cikin ledar mai guga. Na shirya abin da zan faɗa tun a hanya: an ɗage, matsalar sashe ce, sai baɗi. Ban kai ga faɗa ba. Baba ya ce Shugaban kwamiti ya zo gaishe shi ranar Talata, sun sha shayi, sun yi hirar makaranta ta dā. Shekara ashirin rabon da ya tako gidan nan. Bai ce sun yi wata magana ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi kundin, sabon, ya duba mini rubutu. Yana cikin jakata. Na yi niyyar cewa na bar shi a ɗaki. Mako huɗu ina ƙin yi wa mutane ƙarya, ban ga dalilin farawa da shi ba. Na ba shi.

Na shiga ciki na wanke kwanonin da ba su da datti. Ta taga ina jin ƙarar buɗe shafi. Baba yana karatu a hankali, yana bin layi da gindin biro. Na ji shafukan suna tafiya, suna tafiya, sannan suka tsaya. Na daɗe ban ji an buɗe na gaba ba.

Da zan tafi ya miƙo mini shi a rufe. Ya ce rubutun ba laifi, sai dai ina yawan sa waƙafi inda ba a buƙata. Ya ce in sauke rigar nan in sa masa a akwati, kada ta yi ƙura kafin baɗi.  

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sai yanzu na iya buɗewa.

Ya gyara waƙafi goma sha ɗaya. A shafi na casa'in da biyu ya ja jan layi a kan “hamsin da takwas”, ya rubuta “sittin da ɗaya” a samansa. A gefe, da ƙananan baƙaƙen nan nasa: “Lamba 140, 152 da 177 ma. Na zagaye su ne don su yi kama da na mutane. Tara kawai na kai wa masu shago. Ki duba aikinki da kyau.”

Na jawo kwalin na duba. Haka ne. Sun wuce ni, sun wuce Farfesa, sun wuce kwamiti.

A ƙarshen jimlar, daidai inda na ce ba masu shagunan ne suka cika su ba, ya sa mini maki. Gajeriyar ƙafa, doguwar jela.

Gobe ƙarfe takwas zan koma wajen Dakta in ce a gyara rahoto, sittin da ɗaya ne. Za ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Sai ta ƙara biro, don amsar ba ta canja ba. Daga nan in wuce kasuwar bene, in fara daga hawa na uku.